Abin da ke ƙarƙashin jirgi: sana'ar ƙetare Atlantika da iska

Sana'armu ita ce ɗaukar mutum huɗu zuwa shida a jirgin ruwa mai tafiya da iska, mai tsawon mita 13, daga Las Palmas a tsibiran Kanari zuwa Sen Lusiya a Karibiyan. Tafiyar mil 2,700 ce ta teku. Ana tashi ƙarshen Nuwamba, bayan damina ta guguwa ta wuce, iskar arewa maso gabas kuma ta zauna. Idan jirgi na cin mil 140 zuwa 150 a yini, cikin kwana 18 zuwa 20 an sauka.

Masu biya dolfin suke zuwa gani, kuma suna ganinsu, suna tsere a goshin jirgi da hantsi. Amma halittun da ke cin kuɗin mai jirgi daban ne.

Mafi tsada ita ce orka, wata babbar dabbar teku mai farauta, dangin dolfin. Tun 2020 wani ƙaramin garke da ke bin kifin tuna a mashigin Jibraltar da gaɓar Fotugal da Sifaniya ya koyi bugun allon sitiyari da ke ƙarƙashin ruwa. Sai su yi ta tunkuɗa da cizo har allon ya karye ko ƙarfensa ya lanƙwashe, ruwa ya shigo ta mazauninsa. Jiragen da suka nutse ta wannan hanya suka nutse. Wanda zai kawo jirgi daga Bahar Rum zuwa Kanari dole ya ratsa wurin, shi ya sa muke duba rahoton inda aka gansu kafin tashi, mu bi gaɓa inda zurfin bai kai mita 20 ba. In sun zo, a sake sitiyari nan take, don bugu ɗaya na iya juya shi da ƙarfin da zai karya wuyan hannu. Hukumomin Sifaniya yanzu shawararsu kada a tsaya, a nufi ruwa marar zurfi da inji. Sandar tuƙi ta ko-ta-kwana kuwa a gwada ta a tasha. Ba a tsakiyar teku ake gane ba ta shiga raminta ba.

Sai ciyawar sargasam mai yawo a saman teku, wadda ta yawaita tun 2011. Tana naɗe allon sitiyari da farfela, ta toshe matatar ruwan da ke sanyaya inji. Alamar farko, jirgi ya yi nauyi, na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta ta fara kuka. Maganin shi ne a rage gudu, a ɗan ja da baya ta zube. Matatar kuma kullum a buɗe ta a share.

Kifi mai tashi yakan faɗo cikin jirgi da dare, wani lokaci a fuskar mai gadi. Da asuba a zagaya a kwashe, in ba haka ba ƙarni ya kama igiyoyi, ɓawonsa kuma ya sa santsi. A wannan zagayen ne ake duba inda igiya ke gogar ƙarfe, don gugar mako uku tana cinye sabuwa.

Kamun kifi igiyar ƙugiya ɗaya ta isa. Kifin dorado mai kilo biyar ya ciyar da mutum shida sau biyu, kuma ana naɗe igiyar kafin magariba. Babu mai son kokawa da babban kifi cikin duhu. Kusa da Karibiyan ba ma cin kifin barakuda, saboda dafin siguwatera da dafuwa ba ta kashewa.

Gadi awa uku-uku ne, dare da rana, kowa ɗaure da igiyar tsaro. Ana rage filafilai kafin duhu saboda hadarin da ke tasowa farat ɗaya. Ruwan sha lita uku ga kowa a yini, a jarkoki daban, ko da na'urar tace ruwan gishiri tana aiki, sannan a ƙara na mako guda a kai.