Ranar kotu a Hanover

Jiya na tsaya gaban tsohuwar kotun Hanover a jihar Birjiniya ta Amurka, ɗan ginin jan bulo mai rumfa. A nan Patrick Henry, wanda daga baya ya yi fice a gwagwarmayar neman 'yancin Amurka, ya tsaya a matsayin lauya a shari'ar 1763 kan albashin limaman coci, wanda ake lissafawa da ganyen taba. Limamin da ya kai ƙara kwabo ɗaya tak ya samu.

A wancan zamani, sau ɗaya ake zaman kotu a wata, ranar kuma kasuwa ke ci: ga dillalan dawaki, ga masu bin bashi. A irin wannan fili ake gwanjon bayi, uwa da ɗanta, don biyan bashin ubangida.

Na daɗe tsaye a rumfar nan. Wallahi na kasa ɗaga waya in ɗauki hoto.