Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jelar Mutanen Ingila

Makon jiya na tsaya inda muka sauka Ingila ni da yara, muka tarar da Babansu. Shekara biyun farko ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba, zaman ɗaki ne da sanyi.

Ranar da na je sallama, Gwaggo ta riƙe hannuna ta ce, “Ke dai in kin je gari kin ga kowa da jela, nemi taki ki ɗaura.” Dariya na yi. Ni da na shekara 17 ina koyar da Turanci a sakandare, ga digiri, ga rajistar TRCN, hukumar rajistar malaman Najeriya, wace jela kuma zan nema a garin masu Turancin? Ashe akwai ta, QTS suke ce mata, shaidar cewa an yarda kai cikakken malami ne a makarantun gwamnatinsu.

Ba wai ana hana ka shiga aji ba ne. Malamin da ya yi horonsa a wata ƙasa an ba shi shekara 4 ya koyar ba tare da ita ba, kuma lissafin yana farawa tun ranar da ya fara tsayawa gaban allo a Ingila, ko ya huta a tsakani ko bai huta ba. Albashin ma na wanda bai cancanta ba ne, haka sunan matakin yake a rubuce. Kalmar ta fi kuɗin yi mini ciwo. Na fara a Satumbar 2021, ta hannun wani kamfani mai tura malaman cike gurbi, sai wayata ta yi ƙara da asuba in ji inda za ni.

A wata makaranta aka haɗa ni da wata yarinya, sa'ar ƙanwata ta uku, ita ce mai ajin. Tana da kirki, ban ɗauke mata wannan ba. Amma ranar da wani yaro ya tambaye ta bambancin jimloli biyu ta rikice, sai ta juyo ta dube ni, ina tsaye a baya rungume da takardun da ta aike ni in buga mata. Na yi bayanin cikin minti biyu, yaron ya gyaɗa kai, na koma na ci gaba da rabon takardu. Da dare na gaya wa Babansu, ya ce, “Haƙuri dai, Malama.” Shi kaɗai ya rage yana kirana da sunan nan.

Yaya kuwa, da ya ce wai son jiki ne ya hana ni samun QTS, ina fata yana karantawa. A Fabrairun 2023 aka buɗe wa malaman Najeriya da Gana da Indiya da wasu ƙasashe ƙofar neman QTS kai tsaye. Ya turo mini labarin har sau uku. Da na zauna na karanta da kyau, masu lissafi da kimiyya da harsunan waje ake nufi. Mai Turanci ba ta ciki. Ɗan Amurka ko Kanada ko Ostireliya kuwa tun 2012 yake da wannan hanyar.

Abin da ya rage mini shi ne hanyar tantancewa kawai: a zo a kalli darasinka, a duba hujjojin aikinka, ka biya kuɗi, cikin mako 12 a gama. Sharaɗinta har da shaidar cin Turanci da lissafi na sakandare. Nan fa aka tono abin da na binne tun ina budurwa, domin P7 na samu a lissafin WAEC, su kuma sai C6 zuwa sama suke karɓa. Takardar ma tana can cikin akwatin ƙarfen Gwaggo, wadda ta rasu ban samu zuwa ba. Autarmu ce ta buɗe shi, ta ɗauko hotonta ta turo, duk ta yi ja, gefe ɗaya asu ya ci.

Haka na koma ɗaliba ina da shekara 46, ɗana na fari yana koya mini lissafi a teburin falo. Yana cewa, “Umma, ba haka ake yi ba,” ina cewa ya rage murya kada ƙannensa su ji. Jelar Gwaggo ke nan, ba ta gaya mini da lissafi ake ɗaura ta ba.

Mako mai zuwa zan ba ku labarin ranar jarrabawar, da shugabar makarantar da ta yi alkawarin sa mini hannu, ta bar aiki ana saura mako uku.