Saitin suwic da wutar Kaduna

Duk mai aikin haɗa kwamfutoci a Kaduna, wutar lantarki ce malaminsa na farko. Suwic ɗin Cisco, wato na'urar da ke haɗa kwamfutoci da juna ta waya, irin Catalyst 2960 da ake yawan gani a ofisoshi da makarantu, saiti biyu gare shi. Akwai running-config da ke zaune a RAM, ma'ajiyar da ke gogewa idan wuta ta ɗauke, wanda na'urar ke aiki da shi a lokacin. Akwai kuma startup-config a NVRAM, ma'ajiyar da ba ta gogewa, wanda take karantawa idan an kunna ta. Ka yini kana gyara saiti, in dai ba ka buga copy running-config startup-config don adana shi ba, da zarar an ɗauke wuta, kafin mai gadi ya tada janareto aikin ya bi iska.

Wannan kowa na saurin koyonsa. Abin da ya fi damuna shi ne masu ɗaukar cewa sun gama da zarar sun yi haka. Saitin biyu ai cikin akwati ɗaya suke. Da damina, tsawa ɗaya ta biyo waya ta ƙone na'urar, duka sun tafi tare. Dole kwafin ya bar cikin suwic ɗin. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya mafi sauƙi ita ce TFTP, wani tsarin tura fayil tsakanin na'urori. Ka buɗe manhajar Tftpd64 a kwamfutarka, ka buga copy running-config tftp:, na'urar ta tambaye ka adireshi da sunan fayil, shi ke nan. Sai dai TFTP, da ke bi ta ƙofar sadarwa ta UDP 69, ba ta neman kalmar sirri, ba ta kuma ɓoye abin da take ɗauka, alhali fayil ɗin na ɗauke da sirrin gidan mutane. Kalmar sirrin da aka rufe da type 7 kuwa, wato sassauƙan rufi na Cisco, cikin daƙiƙoƙi ake warware ta. Shi ya sa na fi son SCP, da ke tura fayil a ɓoye ta hanyar SSH, duk inda na'urar ta yarda.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne fayil ɗin vlan.dat, mai riƙe jerin VLAN, wato rukunonin da ake raba kwamfutocin gida ɗaya a cikinsu. Idan suwic yana matsayin VTP server, mai rarraba jerin VLAN ga sauran suwic, wanda a haka yake fitowa daga kwali, jerin VLAN ba ya bayyana a running-config. Yana can cikin flash, ma'ajiyar fayiloli ta na'urar, a fayil nasa daban. Sai mutum ya loda saitin da ya adana a sabuwar na'ura, ya ga komai ya shiga lafiya, amma bene na biyu babu intanet, domin VLAN ɗin da ke wucewa kawai ta trunk, wato layin da ke haɗa suwic da suwic, ba ta dawo ba, sunayen sauran ma sun ɓace. Ma'aikata na tsaye a kanka, akanta na jiran biyan albashi, kai kuma kana lalube. Copy flash:vlan.dat tftp: layi ɗaya ne tak, amma kaɗan ne ke tunawa da shi.

Maidowa ma tana da nata sharaɗin. Kwafin fayil zuwa running-config ba ya share tsohon saiti, cakuɗa su yake yi, layukan da ka so su tafi su ci gaba da zama. In maye gurbi ake so, sai configure replace, ko a zuba fayil ɗin a startup-config a sake kunna na'urar.

Ɗaliban da ke zuwa mana koyon aiki daga Kaduna Polytechnic, nakan ba kowannensu tsohon suwic da wayar console, wadda ake haɗa shi da kwamfuta kai tsaye da ita. In ya ce, "Oga, na adana," sai in ce, "To ƙanena, share shi gaba ɗaya, ka maido da shi ina kallo." A nan ake gane fayil ɗin da ya yanke a tsakiya, da wanda aka sa wa suna "sabo" ba kwanan wata ba sunan ofishi.

Yanzu duk suwic ɗin da ya shigo hannuna, ina kunna masa archive, tsarin adana kwafi kai tsaye, in sa write-memory da time-period 1440, wato mintunan kwana ɗaya, ya riƙa tura kwafinsa da kansa duk lokacin da aka adana saiti da kuma sau ɗaya kullum. Shi kuwa vlan.dat, da hannu nake kwafe shi duk ranar da aka ƙara wata VLAN.