Darussa daga aikin bishara ta ƙwallon kwando a Filifin

Kuskuren da ya fi ɓata aikin tawagar bishara ta wasanni a ƙasar Filifin tun daga gida ake ɗauko shi, a cikin takardar rahoton da shugaban tawaga ya yi alkawarin kai wa waɗanda suka ba da baikon tafiya. A takardar akwai gurbi ɗaya da kowa ke jira: yara nawa suka karɓi Almasihu. Daga ranar da aka sauka a Manila ko Sebu, gurbin nan ne ke juya akalar komai, ko da babu wanda ya faɗa da baki.

Ga yadda abin ke tafiya. An yi kwana huɗu ana horo, rana ta biyar a tsakiyar wasan ƙarshe sai a busa usur, a zaunar da yara a kan siminti. Riguna da ƙwallaye da kofi suna jere a kan tebur, idon kowane yaro yana kansu. Shugaba ya yi wa'azi na minti ashirin, mai fassara ya mayar da shi arba'in, sannan a ce kowa ya rufe ido, mai son Yesu ya ɗaga hannu. Hannuwa su tashi gaba ɗaya, wani ya bi layi yana ƙirgawa.

Adadin nan ba ya nuna komai, kuma dalilan a fili suke. Ƙidayar 2020 ta nuna kusan kashi 79 cikin ɗari na 'yan Filifin Katolika ne. Yaron da ke zaune a gabanka an yi masa baftisma tun yana jariri, kakarsa tana kai shi sujada, in ɗan Sebu ne yana cikin taron bikin Santo Ninyo, wato Yesu yana yaro, duk watan Janairu. Ka tambaye shi ko yana son Yesu, me kake jira ya ce? Ga kuma tarbiyya. An rene shi ya amsa wa babba da "opo", wato i ta ladabi, ya kama hannun dattijo ya ɗora a goshinsa, kada ya kunyata baƙo a gaban jama'a. Duk wanda ya tashi a gidan da ake jin kunya ya san yaro irin wannan ba zai bar hannunsa a ƙasa ba alhali na abokansa suna sama. Sai ka ƙara da rigar da ke kan tebur.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wanda ke biyan kuɗin wannan ƙirga. Yaro ya koma gida ya ce baƙi sun sa shi addu'a, yanzu ya canza coci. Uwa ko kaka ta je wurin fada, limamin Katolika, ko ta wuce kai tsaye ofishin kapitan, shugaban unguwa. Filin wasan na barangai ne, wato ƙaramar hukumar unguwa, kuma faston wurin ne ya sa hannu a wasiƙar aron filin. Sau da yawa mutum ne mai ikkilisiyar mutum talatin ko arba'in a shagon haya, wanda ya shekara da shekaru yana gaisuwa da zuwa jana'iza kafin unguwa ta sake da shi. Ba za a ce masa a'a ba in ya sake neman fili. Za a yi masa murmushi a ce ranar ta cika, wata ranar ma ta cika. A lokacin tawaga ta riga ta yi hutun kwana ɗaya a bakin teku ta hau jirgi. An bar masa tulin katuna da sunayen yara, babu adireshi, babu lambar iyaye, babu mai taya shi bi.

Ni a ganina shugaban da ya san wannan kuma ya nace sai an ƙirga bai kyauta ba. Matasan koci da ke zama da yaran a ƙasa su ne ke fara gane cewa hannuwan na kara ne, kuma in ɗayansu ya yi magana a taron dare, amsar da yake samu ita ce ba shi da nawayar rayuka. Rahoto ya isa gida, a karanta a gaban ikkilisiya, a tafa. Ba a taɓa kiran wancan faston a waya a ji yadda ya kwana ba.

Gyaran ba shi da wuya, yana dai son a fara da wuri. Wata uku kafin tafiya faston wurin ne zai zaɓi unguwa, ba tawaga ba. Shi zai rubuta wa kapitan, da kwafi ga shugaban majalisar matasa da ake kira SK, domin su ke riƙe da gasar unguwa da jadawalin fili. A rubuta a wasiƙar ƙarara cewa shirin coci ne kuma za a ba da labari daga Littafi Mai Tsarki kowace rana. Ranar farko, kafin a taɓa ƙwallo, tawaga ta je ofishin barangai gaisuwa, fasto a gaba. Kowane yaro ya zo da takardar amincewar iyaye da harshensu, wadda ta ambaci koyarwar da kuma ɗaukar hoto. Ƙasar tana da dokar kare yara tun 1992, mai lamba 7610, kuma ba a wasa da ita: babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro ɗaya, ko a fili ko a mota.

Yawan yara ya bi yawan masu taimako na cocin wurin, babba ɗaya ga yara goma. In mutum shida suke da su, to yara sittin za a rubuta, ko da ɗari biyu sun cika bakin fili. Koyarwa kada ta wuce minti bakwai ko takwas, a ƙananan rukuni, kuma matashin cocin ne zai yi ta da bakinsa, baƙo ya zauna ya saurara. Riga a raba wa kowa tun ranar farko domin a raba ta da addu'a gaba ɗaya. A rana ta ƙarshe abin da za a sanar shi ne horo zai ci gaba kowace Asabar a nan, ga kocinku, mai tambaya game da abin da ya ji ya zo da iyayensa. In dole sai an cika gurbi a rahoto, a jira mako shida a tambayi fasto yara nawa ke zuwa ran Asabar.

Sai maganar wasan kansa. Kada kowa ya tafi da tunanin zai koya wa 'yan Filifin ƙwallon kwando. Gasarsu ta ƙwararru, PBA, tana nan tun 1975, kuma a gasar cin kofin duniya ta 2023 mutum sama da dubu 38 suka cika zauren Philippine Arena a wasa ɗaya. Ɗan shekara goma sha biyu da silifas zai wuce ka ya jefa kafin ka juya. Abin da suka fi rasawa shi ne abin da wasan titi ba ya koyarwa: ɗumama jiki, tsayuwar tsaro da jan ƙafa, tuƙa ƙwallo da hannun hagu, miƙa ƙwallo kafin a yi tunanin jefawa. Yara sittin a raba su tasha shida, minti goma sha biyu a kowace tasha, ƙwallo ɗaya ga yara biyu. In ƙwallon ta gaza haka, rabin yaran layi za su tsaya, daga nan faɗa ke tashi. Awa ɗaya kowace yamma da za a ba matasan cocin ana nuna musu yadda ake tsara horo da alƙalancin wasa ta fi sauran shirin duka daɗewa.

Zafi ma yana kayar da tawaga. Daga Maris zuwa Mayu ne bazararsu, kuma zafi ne mai gumi wanda ba ya bushewa, ba irin namu na arewa ba. Hukumar yanayinsu, PAGASA, tana sa ma'aunin zafin da jiki ke ji a sahun haɗari daga digiri 42, kuma a Afrilun 2024 makarantu da yawa sun rufe aji saboda shi. A yi horo daga shida da rabi zuwa tara na safe, ko huɗu zuwa shida na yamma. Rufin kwano ba ya ceto da rana tsaka. A lissafa rabin lita ga kowane yaro a awa ɗaya: yara sittin a awa biyu lita sittin ke nan, wato manyan jarkokin shagon tace ruwa guda huɗu in an haɗa da na manya. A tanadi garin ruwan gishiri da sukari. Yaron da ya daina gumi, ko ya fara magana a ruɗe, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a wuce asibiti. Daga Yuni zuwa Nuwamba kuwa damina ce da guguwa, kusan ashirin ke shiga yankin ƙasar a shekara, kuma filin nan mai rufi shi ne mafakar waɗanda ruwa ya kora. In an yi gargaɗi, babu horo.

Ƙwallo a can ake saye, ta roba domin siminti yana cinye ta fata, lamba 5 ga ƙanana, 6 ga 'yan mata da 'yan tsakiya, 7 ga samari. A ƙara raga biyu, famfo biyu da allurarsu da yawa, su ke fara ɓata. Takalmi ashirin ga yara sittin rigima ce, gara a bar shi a gida. A ɗaura ragar ƙwallon raga a gefe, in ba haka ba 'yan mata kallo kawai za su yi. A Sebu da Dabao Bisaya ake ji a unguwa, mai fassarar Tagalog zai bar ƙanana a baya. Kada a manta da ɗan abin taɓawa na hantsi ko la'asar, yaro mai yunwa ba ya jin koci.

A Mindanao, kudancin ƙasar, akwai unguwannin Musulmi, kuma yankin Bangsamoro yana da gwamnatinsa tun 2019. Wanda ya zauna a Kaduna ko Jos ba sai an gaya masa abin da wa'azi ga ɗan wani ba da sanin ubansa ba ke jawowa. Abin da fasto ya ce a bari, a bari.

Kuɗi ya bi ta hannun ma'ajin coci da rasit. Yara za su nemi abota a Facebook tun daren farko, a mayar da su shafin cocin, ba a hira da yaro a ɓoye. Mai tashi daga Najeriya ya nemi biza da wuri, ya riƙe katin rigakafin shawara. Kafin a kama hanyar filin jirgi a zauna da fasto da kocin Asabar, a ƙirga kaya a gabansu, a rubuta wanda zai riƙe famfo da makullin akwati, a kuma koma ofishin kapitan a yi godiya da sallama.