Daren da makaɗan garinmu suka sassauta sauti saboda yarinya ɗaya

Maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya ce, kuma na daɗe ina ganinta tana fita kowace Talata da magariba rataye da akwatin biyolin, wato gogen Turawa, ba tare da na taɓa tambayar inda take zuwa ba. A makon jiya ta miƙo mini tikiti, ta ce ƙungiyarsu za ta yi wasa ranar Asabar a zauren wata makarantar sakandare a nan garin da nake zaune a tsakiyar Ingila. Ƙungiyar irin wadda ake kira okestira ce, amma ta mutanen gari, domin babu ko ɗaya daga cikinsu da yake cin abinci da kiɗa. Akwai malaman makaranta, da likita, da mai gyaran kwamfuta, da tsofaffin da suka yi ritaya, kuma su ne ma suke haɗa kuɗi daga aljihunsu don biyan hayar zaure da ladan jagoran da ke tsayawa a gabansu da ɗan siririn sanda.

Da lokaci ya yi, mai busa obo, wadda 'yar'uwar algaitarmu ce a ƙira, ya saki sauti guda ɗaya mai tsawo, sauran makaɗan kusan sittin suka daidaita kayan kiɗansu a kansa. Sai ga yarinyar da aka taru dominta ta fito, ɗaliba 'yar shekara 17, riƙe da celo. Celo babban goge ne mai tsirkiya huɗu wanda ake kafa tsininsa a ƙasa a rungume shi tsakanin gwiwoyi, kuma muryarsa tana kusa da muryar namiji babba. Ta zauna babu takarda a gabanta, domin ta haddace dukan abin da za ta kaɗa na kusan rabin awa.

Kiɗan da ta zaɓa shi ne wanda Edward Elgar ya rubuta wa celo da okestira a 1919, yana da shekara 62, jim kaɗan bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Irin wannan kiɗa ana kiransa konceto, inda makaɗi ɗaya yake jan gaba, taron kuma yana amsa masa, kamar yadda 'yan amshi suke tare wa mawaƙi baya. A wannan na Elgar, celo ne yake buɗe fage da wasu sautuka masu nauyi, kusan shi kaɗai, saboda haka babu inda mai tsoro zai ɓuya. Na ga hannunta na rawa kafin ta ɗora izga a kan tsirkiya, amma da ta ja ta farko sai zauren ya yi tsit.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin manyan da ke zaune a bayanta. Muryar celo ƙasa-ƙasa take, kuma mutum sittin za su iya haɗiye ta ba tare da sun yi niyya ba. Waɗannan mutane, waɗanda sau uku kacal suke samun fitowa gaban jama'a a shekara, sun danne sha'awar a ji su, suka riƙa kaɗawa a hankali domin sautin yarinyar ya fito fili. Jagoran ma idonsa na kanta fiye da kan takardarsa, idan ta ja numfashi ya jira ta, idan ta ƙara sauri ya ja sauran su bi ta. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Kiɗan kashi huɗu ne, kuma a kashi na biyu, mai gudu, masu busa sun ɗan makara har sau biyu, kuma akwai inda biyolin suka kauce wa sauti. Amma a kashi na uku, wanda yake tafiya a hankali kamar mai ta'aziyya yana zaɓar kalmominsa, sun zama abu ɗaya da ita, har na ga wani dattijo a gefena yana share ido.

A lokacin hutu maƙwabciyata ta gaya mini cewa tun farkon zangon karatu suke bitar wannan kiɗa, kuma yarinyar ta zo ta zauna da su sau da yawa, suna maimaita wuri ɗaya har sai ya zauna. Wannan ya tuna mini da yadda aka fara kaɗa shi a Landan ranar 27 ga Oktoban 1919. Ƙwararru ne suka yi wasan, Elgar da kansa ya jagorance su, Felix Salmond kuma yana riƙe da celo, amma wani jagoran da ke jan sauran kiɗe-kiɗen wannan dare ya cinye yawancin lokacin bita, sai wasan ya fito a gurguje, masu sharhi suka yi ta kuka da shi. Lokacin da aka hana Elgar a wancan karon, shi ne mutanen garinmu suka ba wannan yarinya kyauta, bayan sun tashi daga aiki a gajiye.

Duk matashin da ya ɗauki wannan kiɗa ya san da wa za a gwada shi. Jacqueline du Pré, shahararriyar mai kaɗa celo 'yar Ingila, ta naɗe shi a faifai a 1965 tana da shekara 20, kuma har yau da nata ake auna na kowa. Sheku Kanneh-Mason na Nottingham, wanda mahaifiyarsa 'yar asalin Saliyo ce, ya lashe gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016 yana da shekara 17, ya kuma fitar da nasa faifan na Elgar a 2020. Sai dai yaro ba ya koyon jan ragamar mutum sittin a cikin ɗakinsa, kuma manyan okestira masu biyan albashi ba kasafai suke buɗe ƙofa ga ɗalibin da ba a san sunansa ba. A ganina, nan ne amfanin ƙungiyoyin gari yake, domin a wurinsu ne matashi yake fara jin nauyin taro a bayansa, cikin mutanen da za su jira shi idan ya yi tuntuɓe.

Al'adar irin wannan zaure ita ce ba a tafi sai an kammala dukan kashi huɗun, kuma da sautin ƙarshe ya faɗi, tafin ya daɗe har sai da ta fito sau uku tana sunkuyar da kai. Makaɗan suka riƙa buga ƙafa a ƙasa, wanda shi ne tafinsu tunda hannuwansu ba su da sarari. Bayan hutu, da aka koma wasa, na hango ta ta ɗauko celonta ta zauna a kujerar ƙarshe ta layin masu celo, tana duba takarda ɗaya da wata tsohuwa mai furfura, kuma ita ce take juya musu shafi.