Godiya bayan dawowarmu daga Hubbaren Shehu

Alhamdulillahi, mun dawo Zariya lafiya, ni da ɗalibaina na ajin matan aure, daga ziyarar Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da gidan tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Ba zan iya bin kowa gida-gida ba, shi ya sa na rubuto a nan.

Na fara da mazajenmu da iyayenmu. Kowa ya san halin da hanyar Funtuwa zuwa Gusau take ciki, duk da haka kuka ba mu izini, kuka haɗa mu da guzuri da addu'a. Allah ya bar zumunci. Baba direba kuma, da ya ƙi tashi sai rana ta fito sosai, ya ce shi ba ya tafiyar dare da matan mutane, Allah ya tsare gabanka da bayanka.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon da ya tarbe mu a Hubbare. Muna tuɓe takalma ya tambayi daga ina, da ya ji Zazzau sai fuskarsa ta washe, ya tuna mana cewa Malam Musa, sarkin Fulani na farko a ƙasarmu, daga hannun Shehu ya karɓo tuta. Bai yi mana gaggawa ba. Ya bi da mu tun daga haihuwar Shehu a Maratta a 1754, zamansa na karantarwa a Degel, hijirarsa zuwa Gudu a 1804, har rasuwarsa a 1817 a wannan gida da muke tsaye. Na sha faɗa wa ɗalibaina waɗannan shekaru a aji, amma ban taɓa ganin sun nutsu haka ba.

Da ya zo kan Nana Asma'u, 'yar Shehu da ta rasu a 1864 aka rufe ta kusa da mahaifinta, ya faɗi yadda take naɗa jajis, wato mata jagororin karatu, ta ba kowace malfa, ta tura su ƙauyuka da waƙoƙin karatu don matan da ba sa iya barin gidajensu. Su da matan da suke karantarwa ake kira 'yan taru. Wata Inna a cikinmu, wadda sai da ta yi jikoki ta fara baƙi da wasali, ta ja gefen hijabinta tana share ido. Malam, ko wannan kaɗai ka yi mana, ka gama mana komai.

Ma'aikatan gidan tarihin ma sun yi haƙuri da tambayoyinmu. Sun nuna mana rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami, takardun sun yi ja don tsufa, tawadar kuwa tana nan raɗau, har wata ɗaliba ta sunkuya ta haɗa layi guda da kanta. A ganina masu hali su riƙa tunawa da irin waɗannan wurare, don takarda ba ta jure gara da raɓa.

Hajiyar da ta sauke mu a gidanta, ta tashe mu da fura mai sanyi, da 'yan kwamitin makaranta da suka cike kuɗin mota, Allah ya saka da alheri.

Waɗanda ba su samu zuwa ba, mu haɗu ranar Asabar bayan la'asar. Za mu kuma tsara neman izinin ganin tsofaffin rubuce-rubucen da ke ajiye a Jami'ar Ahmadu Bello, nan Samaru, tunda wannan ba ta buƙatar kwanan hanya.