Digirin Fiziyoloji: Ilimi Mai Zurfi, Amma Ba Ya Zuwa da Lasisi

Duk shekara idan jami'o'i suka saki sunayen waɗanda suka samu gurbi, za ka tarar da yaran da suka cike likitanci an tura su fiziyoloji. A gida sai a ce ai duk ɗaya ne, a asibiti zai yi aiki. Ba ɗaya ba ne, kuma gara a san haka kafin a biya kuɗin rajista. Wasu ma suna rikita fiziyoloji da gashin ƙashi saboda sunayen sun yi kama a Turance, alhali wancan kwas ne daban mai hukumarsa da lasisinsa.

Fiziyoloji ilimi ne na yadda jikin ɗan Adam yake aiki: yadda zuciya ke harba kusan lita 5 na jini a minti ɗaya, yadda ƙoda ke tace kusan lita 180 a rana amma fitsarin da ke fita bai wuce lita ɗaya da rabi ba. Shekara 4 ne ga wanda ya shiga ta JAMB, da Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, sai kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Lissafi. ABU Zariya da BUK suna bayar da shi, haka Bingham da ke Karu a bakin Abuja.

Aji ɗaya maimaicin kimiyyar sakandare ne da ɗan ƙari, kuma nan ne wurin tara maki. Wanda ya yi wasa da shi saboda haushin rashin samun likitanci zai yi shekara uku yana cike ramin. A aji biyu ake shiga ainihin kwas ɗin tare da ilimin sassan jiki da na sinadaran jiki, kuma nan masu hadda suke fara shan wuya. Malami ba zai tambaye ka sunan jijiya kawai ba. Zai ce mutum ya zubar da jini lita ɗaya, bayyana abin da zuciya da ƙoda da jijiyoyin jini za su yi, bi da bi, da dalili. Idan hadda ka yi, ka manta layi ɗaya, sauran ya rushe.

Inda ya kamata ɗalibi ya daɗe shi ne ɗakin gwaji, domin abin da hannu ya iya shi ake saya daga baya. Ɗauki awon hawan jini. Mutum ya zauna ya huta minti 5, hannunsa daidai tsayin zuciya, a saki iska a hankali, maki 2 zuwa 3 a daƙiƙa. Idan maɗaurin ya yi wa damtse kaɗan, awon zai hau sama da gaskiya, sai a ce wa mai lafiya yana da hawan jini. Idan aka saki iska da sauri, bugun farko zai wuce ba a ji ba, awon ya sauka. A ECG kuwa, wato gwajin da ke zana aikin lantarkin zuciya a takarda, wayoyi 10 da ake maƙalawa a jiki ne ke ba da zane 12. Ta farko a ƙirji tana zama tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar, gefen dama na ƙashin ƙirji, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga ta sama. Idan aka sauya wayar hannun dama da ta hagu, zanen farko zai kife, wanda bai sani ba ya ɗauka ciwo ne. Takardar tana tafiyar milimita 25 a daƙiƙa, don haka idan bugun a daidaice yake, raba 300 da yawan manyan gidajen takardar da ke tsakanin bugu biyu ka samu bugun zuciya a minti. Ɗalibin da ya iya wannan, ya iya ƙidayar ƙwayoyin jini da awon ƙarfin huhu, ya bambanta da wanda ya kwafi rahoton abokinsa.

Aikin bincike na shekarar ƙarshe yawanci a kan fararen ɓeraye ake yi, kuma a nan Jos da yawa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom suke samo su. Abin da aka fi yi shi ne a sa musu ciwon suga da sinadarin alozan, sannan a gwada ruwan zogale ko shuwaka. Ana barin ɓerayen sati 2 su saba da wuri. Alozan yana lalacewa da sauri idan an jiƙa shi, don haka a haɗa shi da ruwan gishiri mai sanyi a yi allurar nan take, kimanin miligiram 150 ga kowane kilo na nauyin ɓera. Sai daren farko, wanda shi ne ke sa ɗalibai kuka: sinadarin yana fasa ƙwayoyin da ke yin insulin, wato sinadarin da ke rage suga a jini, insulin ɗin ya kwararo cikin jini, suga ya faɗi ƙasa warwas, da safe a tarar da rabin keji a mace. Maganin abin shi ne a ba su ruwan gulukos mai kashi 5 cikin ɗari na tsawon awa 24. Bayan awa 72 a auna, wanda sugansa ya haura 200 shi ne ya kamu. Idan aikin ya faɗo cikin hunturu, a rufe tagogi, don sanyin Jos kaɗai ya isa ya kashe ɓeran da ya riga ya raunana. A sayi ɓeraye fiye da adadin da ake buƙata tun farko.

To, bayan bautar ƙasa fa? Babu hukumar da ke ba mai wannan digiri lasisin duba mara lafiya, ko rubuta magani, ko sa hannu a sakamakon gwajin asibiti. Lasisin duba mara lafiya na MDCN ne, hukumar likitoci, na sa hannu a sakamakon gwaji kuma na MLSCN, hukumar masu gwajin asibiti. Duk wanda ya buɗe kemis yana amsa sunan dokta da wannan takarda yana wasa da kurkuku.

Hanya mafi miƙewa ita ce digiri na biyu da na uku, a zama malamin jami'a, kuma kwalejojin likitanci da na jinya suna ta ƙaruwa, kowacce tana buƙatar mai koyar da fiziyoloji. Wanda likitanci bai fita ransa ba yana iya sake neman shiga aji biyu kai tsaye da digirinsa, amma guraben kaɗan ne, galibi ana neman sakamakon 3.50 zuwa sama, kuma shekara 5 ce sabuwa kafin shekarar koyon aiki a asibiti. A yi wannan lissafi da iyaye, da kuɗi a kan tebur. Ga bincike akwai NIPRD mai binciken magunguna a Idu, da IHVN mai binciken ƙwayoyin cuta, da NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa, duk a Abuja, da cibiyar Vom a nan kusa. Waɗannan wurare, da ƙungiyoyin da ke aikin lafiyar al'umma, abin da suke tambaya shi ne ko ka iya sarrafa alƙaluma da manhajar kwamfuta irin SPSS ko R, ko ka iya rubuta rahoto. Digiri na biyu a lafiyar al'umma yana buɗe wannan ƙofa fiye da komai. Akwai kuma tallar magunguna da na'urorin asibiti, inda sanin yadda magani ke aiki a jiki yake sa likita ya saurare ka, sai koyar da Bayoloji bayan an yi difilomar koyarwa ta PGDE da rajista da hukumar malamai ta TRCN.

Idan jami'arku tana tura ɗalibai SIWES, wato zuwa koyon aiki a wajen makaranta, kada a nemi ofishin da za a sa hannu kawai a koma gida. A nemi sashen zuciya ko na huhu a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ko asibitin Jankwano, a tsaya kusa da mai ɗaukar ECG, a roƙa a bar ka ka maƙala wayoyin da hannunka, kuma kafin ka tafi ka karɓi wasiƙar da ta faɗi abin da ka iya.